Gaiwar da ke ƙarƙashin gadona

Duk wanda ya shigo ɗakinmu tsakanin Fabrairu da Yuni na bana sai ya tambayi abin da ke cikin kwatarniyar da na tura ƙarƙashin gado. In na ce kifi ne, sai ya leƙa, ya ga busasshiyar laka duk ta tsattsage, ya dube ni ya fashe da dariya. Abokin ɗakina har cewa ya yi karatu ya fara taɓa ni. To, ga yadda abin ya faro.

Bara, ina ajin farko na difloma, na ci karo da wani bidiyo a waya: kifi mai idanu a tsakar ka kamar kwaɗo, yana jan jiki a kan laka, yana tsalle, har yana hawa saiwar itace. Turawa na kiransa mudskipper. Akwai shi a ƙasar nan, wajen Legas da yankin Neja Delta, inda ruwan kogi ke haɗuwa da na teku ya zama zartsi. Nan take na ƙudurta shi zan kiwata a akwatin gilashi, in yi furojek ɗina a kansa.

Da na zauna na karanta abin da yake bukata, sai jikina ya yi sanyi. Ruwan teku na da gishiri kamar giram 35 a kowace lita, shi kuwa masu kiwonsa kan haɗa masa wajen giram 10. Gishirin ma ba na miya ba, sai wanda aka haɗa musamman don kifin teku, kuma sai da na'urar auna shi. Rabin akwatin ya zama tudun laka ko yashi, rabi ruwa mara zurfi, domin yana shaƙar iska ta fatarsa da cikin bakinsa muddin suna da danshi. Sannan a ɗauko shi da rai daga Legas zuwa Birnin Kebbi, tafiyar yini guda cur a mota. Na buga lissafi da kuɗin da ake turo mini daga gida. Abin ya ƙi.

Da na je hutu Zauro sai na nuna wa Kaka bidiyon, don dai in ba shi mamaki. Ya riƙe wayar nesa da ido, ya kalla har ƙarshe, ya miƙo mini.

"Kai ɗan boko, wanga shi na abin mamakin? Ai ga gaiwa nan cikin hwadama, ita da ka yin wata shidda ba ruwa. Tun ubanka na goye nike haƙo ta."

Wallahi na san gaiwa. Na ci ta a miya ba sau ɗaya ba. Amma ban taɓa tsayawa na dube ta ba. Mu 'yan yankin nan in ana zancen kifi, hankalinmu na kan giwan ruwan Matan Fada, wanda ake ɗaga wa kyamara a bikin kamun kifi na Argungu, bikin da ake yi tun 1934. Gaiwa kuwa, da jikinta kamar maciji da 'yan hannuwanta sirara kamar igiya, wa zai ɗauke ta hoto? Ashe ita masana ke kira Protopterus annectens, kuma tana cikin 'yan kifayen duniya masu huhu na gaske.

A watan Oktoba, da ruwan Gulbin Rima ya fara janyewa daga fadama, Kaka ya samo mini ɗaya mai tsawon taki ɗaya da rabi. Na kai wa mai gilashin taga ya haɗa mini akwati. Na cika shi da ruwa har baki, a ganina gata na yi mata, na kuma danne da murfin gilashi saboda an ce tana da gudu. Da asuba na tarar da ita kwance a ƙasan akwatin, ta mutu.

Na kashe kifi da ruwa. Malamin da ke duba aikina ne ya fahimtar da ni: gaiwa dole ta riƙa tasowa tana kurɓar iska, in an hana ta sai ta nutse kamar ɗan Adam. Kwana biyu na yi kafin in iya kiran Kaka. Bai yi mini faɗa ba, abin da ya ce ma ya fi faɗan zafi.

"In ka zamna bakin tabki, kana ganin ta tana tasowa tana shan iska. Ba ka taɓa zamnawa ba, shi ke nan."

Ta biyun da ya ba ni, na zauna. Na bar tazarar taki guda tsakanin ruwa da murfi, na sa murfin raga da dutse a kai. Ruwan famfo sai ya kwana biyu a bokiti kafin in zuba, don kulorin ya fita. Na shimfiɗa yashi mai laushi, na kifa mata fasasshiyar tukunya ta riƙa ɓuya. Ita kaɗai, don in an haɗa biyu cizon juna suke yi, kuma haƙoran da ke fasa dodon koɗi ba su san yatsa ba. Abincinta tana, dodon koɗi da ɗan yankan kifi. Da fari kullum nake ba ta, sai ruwa ya fara wari. Da muka gwada a ɗakin gwaji, amoniya ta yi yawa, daga kashinta da ragowar abinci. Na koma sau uku a mako, ina kwashe abin da ta rage, duk Asabar in canza rubu'in ruwan. Da hunturu ta daina ci, na lulluɓe akwatin da bargona. Daɗinta ɗaya: ko an ɗauke wuta ba ruwanta, ba ta bukatar injin hura iska.

Sai aka zo kan ainihin furojek ɗin. A Fabrairu na ciko kwatarniya da lakar fadamarmu, na sa ta ciki da ruwa, na bar ruwan yana ƙafewa a hankali. Ta nutsa cikin lakar. Abin da littafi ya ce shi ne: za ta naɗe jiki, yauƙin fatarta ya bushe ya zama kamar jaka, ta bar 'yar kafa wajen baki don numfashi. Bugun zuciyarta ya ragu. Amoniyar da take zubarwa a ruwa sai ta juya ta zuwa yuriya, wadda ba ta kai ta guba ba, ta tara a jiki. Abinci kuwa, daga naman jikinta take samu. Ashe maganar da tsofaffi ke yi, gaiwa jikinta take ci, ba almara ba ce.

Littafi daban, kwatarniyar da ke ƙarƙashin gadonka daban. Wata huɗu ba abin da nake gani sai wani ɗan rami. Kullum da safe sai na durƙusa na shinshina, ina tsoron in ji ɗoyi. A tsakiyar bazara, lokacin da zafin Birnin Kebbi ke hana barci, sau biyu na ɗauko bokiti zan zuba ruwa, in fasa. Na riga na kashe ɗaya. In wannan ma ta tafi, ba makin ne ya fi damuna ba, da wane ido zan dubi tsohon nan?

Ranar da aka yi ruwan sama mai ƙarfi a Yuni, na tari ruwan indararo na zuba. Mu biyar muka kewaye kwatarniyar, har da wanda ya ce na taɓu. Shiru. Bayan magariba kowa ya watse. Wajen ƙarfe biyu na dare na ji wani ɗan ƙara, kamar mai kurɓar kunu. Na haska fitilar waya. Ga bakinta a saman ruwa. Ta rame ƙwarai, amma tana nan. Ban jira gari ya waye ba, na kira Kaka.

"To, mi kaka so ta yi? Ai aikinta ke nan. Bar ni in yi kwana."

Amma na ji dariya a muryarsa.

Yanzu saura mu kammala, kuma ba zan yi ta yawo da akwatin gilashi ba. Mayar da ita zan yi. Sai dai Kaka ya ce ba ko'ina ba: tun da noman shinkafa na rani ya kankama a fadamar, musamman bayan shirin da Shugaba Buhari ya zo Kebbi ya ƙaddamar a 2015, wuraren da ya saba haƙo ta da yawa sun zama gona rani da damina. Ya ce ya san wani tabki da garma ba ta kai ba tukuna. Bayan jarrabawar ƙarshe za mu je tare, ni da shi da bokiti. Na ce masa in mun sake ta, zan ɗan zauna a bakin ruwan.