Araha Kamar Soyayyen Dankali?

A farkon shigata aikin jarida, wata rana da dare edita ya miƙo mini wani labari da aka aiko daga Ingila, ya ce in mayar da shi Hausa kafin a kai shafin ɗab'i. A ciki marubucin ya ce wasu wayoyin hannu sun zama "as cheap as chips". Ni kuwa ga difloma a hannu, ga ɗokin nuna gwaninta, sai na rubuta cewa wayoyin sun yi araha kamar soyayyen dankalin Turawa. Da edita ya karanta, sai ya cire tabarau ya dube ni, ya ce, "Malam, yaushe rabonka da sayen soyayyen dankali a otal?" Nan take na gane kuskurena, kunya ta rufe ni.

Asalin maganar shi ne, tun cikin ƙarni na 19 soyayyen dankali da kifi ya zama abincin leburori a Ingila, kowane talaka yana iya sayensa. Saboda haka in Bature ya ga abu ya yi araha ƙwarai, sai ya kwatanta shi da wannan abinci. Ana sanya maganar bayan abin da ake nufi. Misali, wanda ya ga yadda tumatir yake faɗuwa a Kadawa lokacin girbin noman rani, yana iya cewa, "Tomatoes are as cheap as chips now." Wanda ya yi ciniki mai sauƙi kuma ya ce, "The shirt was as cheap as chips." Amma maganar hira ce, ba a sa ta a wasiƙar ofis. Mutanen Amurka kuwa sun fi cewa "dirt cheap", wato araha kamar ƙasa.

To, a nan wurinmu dankalin Turawa daga Filato ake kawo shi, soyayyensa kuwa cimar masu hali ce. Da fassarata ta fita, da mai karatu a Sakkwato ko Legas ya ɗauka wayoyin nan tsada suka yi, alhali akasin haka ake nufi. A ƙarshe muka rubuta "araha kamar kyauta", magana ta zauna.

Tun daga ranar, in na ci karo da kwatance irin wannan, nakan tambayi kaina: a kasuwar wa aka yi shi? Domin mai karatu da kasuwar garinsu yake auna magana, kuma haƙƙinsa ne a kanmu mu ba shi labari yadda zai fahimta daidai. Allah Ya sa mu dace.