Littattafai Uku Na Wani Tsohon Malami

Ana iya gane halin mutum daga littattafan da ya ƙi rabuwa da su. Akwai wani tsohon malamin lissafi a Jos, Kirista ne, wanda da ya bar aiki ya rarraba wa ɗalibansa duk littattafansa, in ban da guda uku. Ɗaya na ibada ne, ɗaya na tsuntsaye, ɗaya kuma na lissafi. Masu ziyararsa sukan yi mamaki, su ce ina ruwan biri da gada? Shi kuwa a wurinsa darasi guda ne aka rubuta sau uku, watau hankali ke gani, ba ido ba.

Na farko shi ne The Practice of the Presence of God, wanda aka tattara daga hirarraki da wasiƙun wani bawan Allah da ake kira Ɗan'uwa Lawrence, bayan rasuwarsa a shekarar 1691. Mutumin nan tsohon soja ne da ya shiga gidan masu zuhudu a birnin Paris na ƙasar Faransa, aka sa shi aikin madafa, alhali kuwa ba aikin da ransa ke so ba ne. Ya shekara 15 yana dafa abinci da wanke tukwane, daga baya ya koma gyaran takalma. Abin da ya koyar shi ne, mai bi yana iya tuna Ubangiji yana tsakiyar wanke-wanke kamar yadda zai tuna shi a majami'a, muddin ya yi aikin da zuciya ɗaya. Daga nan malamin ya ɗauki ɗabi'ar duba takardun yara da natsuwa, ko da tulinsu ya kai ina, domin a ganinsa amana ce, amana kuwa ba ta da ƙarama.

Na biyu shi ne Silent Spring, wanda wata masaniyar halittu 'yar Amurka mai suna Rachel Carson ta buga a 1962. Ta lura da abin da jama'a ke gani kullum ba su kula ba, cewa tsuntsaye suna mutuwa a wuraren da ake fesa maganin ƙwari, musamman wanda ake kira DDT. Ta bi sawun gubar tun daga gona zuwa ruwa, daga ruwa zuwa kifi da tsutsa, har zuwa cikin tsuntsun da ya ci su. Kamfanonin magani suka yi mata ca, amma bincike ya tabbatar da maganarta, har aka gano maganin yana sa ɓawon ƙwai ya yi laushi ya fashe kafin a ƙyanƙyashe. A 1972 Amurka ta hana amfani da shi a gonaki, sa'an nan mikiyar da take alamar ƙasar ta farfaɗo, har aka cire ta daga jerin masu fuskantar ƙarewa a 2007.

Na uku shi ne How to Solve It, na shehun malami George Polya, haifaffen ƙasar Hungary, wanda ya fito a 1945. Polya ya shimfiɗa matakai huɗu na warware kowace matsalar lissafi: a fahimci abin da ake tambaya, a tsara hanya, a bi hanyar, kana a waiwaya a duba. Ya kuma ba da shawara cewa in tambaya ta gagara, a nemi wata mai kama da ita wadda ta fi sauƙi, a fara da ita. Malamin ya tarar yawancin yaran da ke faɗuwa jarrabawa ba daƙiƙai ba ne, gaggawa ce take sa su tsallake mataki na farko, su hau lissafi tun ba su san abin da ake nema ba. Saboda haka yakan hana su taɓa alƙalami sai kowa ya maimaita tambayar da bakinsa.

To, dalilin da ya sa labarin littattafan nan ya shafi kowa, Musulmi da Kirista, shi ne halin da angulu ke ciki. A da, babu mayanka ko kasuwar da ba a ganin angulu a ƙasar Hausa, tana kwashe mushe da ƙazanta ba tare da an biya ta ko kwabo ba. Yau akwai garuruwa da yawa da yara suka girma ba su taɓa ganinta ba, saboda guba da kuma farautarta da ake yi don sayar da sassanta ga masu magani. A 2015 aka sa irin angulun da muka saba gani cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya. Ƙasar Indiya ta riga ta ga ƙarshen irin wannan sakaci, inda fiye da kashi 90 cikin 100 na wasu angulayenta suka mutu saboda wani maganin shanu mai suna diclofenac, kafin a hana ba dabbobi shi a 2006, karnukan daji kuwa suka yawaita a kan mushen da babu mai ci.

Akwai masu ƙoƙari, kamar cibiyar nazarin tsuntsaye ta Leventis da ke dajin Amurum kusa da Jos, amma aikin ya fi ƙarfin masana kaɗai. Mahauci da manomi da sarkin kasuwa su ne za su fara lura in tsuntsu ya daina zuwa. Lalle ne su fahimci abin da ke kashe shi, su hana zuba guba a mushe, su tsawata wa masu cinikin kan angulu, tun tana da sauran iri. Rigakafi dai ya fi magani.