Zuwa Samaru, Wurin Masu Farautar Motsi da Gawayi da Wuƙa

Hunturu ya kankama lokacin da na kama hanyar Zariya daga Kano. Mun bar tashar Unguwa Uku da sanyin safiya, hazo ya rufe gari, sai da muka wuce Kura kafin rana ta samu ta leƙo. Daga nan har Kwanar Dangora gonaki ne hagu da dama, an gama girbin dawa, shanu sun bazu suna cin kara. Abin da ya tayar da ni wani zane ne da na gani a hannun abokin aikina: takarda guda, baƙi da fari kawai, balbelu na tashi daga bayan garke. Ba a fitar musu da ido ba, ba a ƙirga gashin fiffike ba, amma mai kallo ya san tsuntsayen nan yanzu suka zabura. Ya ce aikin wata ɗaliba ce a sashen zane-zane na Jami'ar Ahmadu Bello. Na ce lallai sai na je na ga yadda ake zaunar da abin da ba ya zama.

A Kwangila na sauka, na hau a-daidaita-sahu zuwa Samaru, inda jami'ar take. Wanda ya nufi sashen ba ya buƙatar doguwar tambaya, domin tun daga nesa zai hango mutum-mutumin siminti da na ƙarfe da ɗalibai suka bari a fili shekara da shekaru. A ciki kuwa warin fenti da kananzir ne ke tarbar baƙo.

Wurin yana da tarihi. Kafin a kafa jami'ar a 1962, Kwalejin Fasaha da Kimiyya da Ƙere-ƙere ta Najeriya ce a nan, kuma a 1955 aka dawo da karatun zane daga Ibadan zuwa Zariya. A 1958 wasu ɗalibai, cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiyar masu zane wadda daga baya aka riƙa kiran 'ya'yanta 'yan tawayen Zariya. Ƙorafinsu shi ne malamansu Turawa na koya musu zane da idon Ingila, alhali suna zaune a ƙasar da ke da nata zane da nata launi. Ba su ce a watsar da dabarun Turai ba. Cewa suka yi a haɗa su da abin gida. Jimo Akolo, ɗalibin wannan zamani, ya zana mahaya dawakin Fulani a 1962, kuma har yau ana nuna wannan aiki a manyan gidajen baje zane. Ke nan tun farko dokin arewa da ƙurar da yake tayarwa suna cikin darasin Samaru.

Ɗalibar da na zo nema tana aji uku. Bayan gaisuwa ta ce, "Malam, in motsi kake son gani, ba a ɗakin nan za ka fara ba. Gobe da sassafe ka same mu a bakin dam."

Dam ɗin na kogin Kubanni ne, a bayan jami'a. Na tarar da ɗaliban zazzaune a kan duwatsu, kowa da allo a cinya da tarin takardu marasa tsada da gawayi. Sanyi na kaɗa hannu, amma ba wanda ya sa safar hannu, wai tana hana jin gawayin. Aikin da suke yi ya ba ni mamaki. Ɗaya daga cikinsu na riƙe da agogon waya, yana ba da rabin minti. A cikin wannan ɗan lokaci kowa zai zana saniyar da ke gangarowa shan ruwa, da ya ce "ya isa" sai a juya takarda. Ba a gogewa, ba a gyarawa. Yawancin lokacin ma idonsu na kan saniyar, hannu ne ke tafiya shi kaɗai.

Na leƙa takardun. Wata layi uku ne kacal: ɗaya ya taso daga ƙaho ya bi wuya ya hau tozo ya gangara har wutsiya, biyu sun sauka ƙasa. Duk da haka saniyar na nan, ta sunkuya, nauyinta ya koma kan ƙafafun gaba. Ɗalibar ta yi min bayani cewa wannan dogon layin na gadon baya shi ake fara nema, domin shi ke faɗin inda dabba ta dosa da inda nauyinta yake. Wanda ya fara da kunne ko kofato, kafin ya gama saniya ta ɗaga kai, ya tashi da rabin hoto na dabbar da ta riga ta tafi. Ni dai abin da na lura shi ne rabin mintin nan yana kashe wa ɗalibi kwaɗayin ƙawata abu. Ba shi da lokacin yin kwalliya, dole ya zaɓi abu guda da ya fi muhimmanci.

Balbelu sun fi shanu wuya. Da makiyayi ya ɗaga sanda sai su tashi gaba ɗaya, kuma cikin ƙiftawar ido sun sauka can gaba. A nan ba a zane yayin da abin ke faruwa. Ana kallo ne, a sake kallo, har ido ya haddace cewa tsuntsun na durƙusa ƙafa kafin ya tashi, yana naɗe wuya in ya hau iska, ƙafafu na biye a baya. Sai sun sauka hannu ke fara aiki.

Da yamma na bi wani ɗalibi cikin birnin Zazzau, inda matasa ke fitar da dawaki kilisa. Shi dawaki ne aikinsa na ƙarshen zango. Ya ce taƙama ba ta ba shi wahala, domin doki na tafe a hankali yana nuna kansa. Sukuwa ce matsala, sai kuma zamiya, lokacin da mahayi ya ja linzami doki ya zauna kan ƙafafun baya ƙura ta turnuƙe, kamar yadda ake gani a gaban fada ranar hawan Sallah. Idon mutum ba ya iya raba ƙafafun doki mai sukuwa, kuma wannan ya daɗe yana rikita masu zane. Shekaru da dama a Turai ana zana doki yana shawagi, ƙafafun gaba a miƙe gaba, na baya a miƙe baya. Haka Géricault na Faransa ya zana tseren Epsom a 1821. Sai a 1878 Eadweard Muybridge ya jera kyamarori a Palo Alto ta Amurka, doki ya bi ta gabansu, hotuna suka nuna cewa lallai akwai lokacin da kofato huɗu ke barin ƙasa, amma a lokacin ƙafafun a tattare suke ƙarƙashin ciki.

Yau kowane ɗalibi na da kyamara a aljihu, zai iya ɗaukar bidiyo ya tsayar da shi inda ya ga dama. Na tambayi saurayin me ya hana shi kwafa daga waya ya huta. Ya nuna min gwaji biyu. Wanda ya kwafa daga hoto komai daidai yake, amma dokin ya daskare a sama, ba ya zuwa ko'ina. Wanda ya yi a bakin fili ƙafa ɗaya ma ba ta fita sosai ba, ta narke cikin ƙura, amma wuyan ya miƙe, babbar rigar mahayi ta cika da iska. Na yarda da shi. Hoto na koya wa mai zane yadda ƙashi da gaɓa ke aiki, kuma ya kamata a yi amfani da shi. Abin da ba ya bayarwa shi ne nauyin gudun, wanda sai mutum ya tsaya kusa ƙasa ta girgiza a ƙarƙashinsa.

Ɗakin bugun zane ne ya fi riƙe ni. Wanda bai taɓa gani ba ya ɗauki hatimi: a sassaƙa abu, a shafa tawada, a danna a takarda. A nan ana amfani da allon katako ko robar lino. Ɗalibar ta zaɓi ɗaya daga cikin zanukan bakin dam, ta mayar da shi kan lino, ta ɗauko 'yan wuƙaƙe masu lanƙwasasshen baki. Duk inda ta yanke zai fito fari, inda ta bari shi zai ɗauki tawada. Zanen kuma a juye yake fitowa, don haka tsuntsun da ake so ya nufi dama sai a sassaƙa shi yana kallon hagu. Ta murza tawada da rola a kan gilashi har ta yi laushi, ta bi kan linon, ta shimfiɗa takarda, ta goge bayanta da cokali. Akwai injin matsawa, amma ta ce cokali na ba ta damar danna wani wuri ta sassauta wani.

Da farko na ɗauka wannan sana'a ce da ba ta dace da motsi ba, tunda aiki ne na sannu, kuma abin da wuƙa ta cire ya tafi ke nan. Da ta ɗaga takardar na ga inda dabarar take. Wuƙa na barin sawu. A sararin da ke kewaye da tsuntsayen ba ta share linon tas ba, ta bar siraran ƙyalle da suka ɗauki tawada, dukkansu sun karkata gefe guda. Waɗannan su ne iskar. Da ta yanke su a tsaye, da tsuntsayen sun tsaya cak. Hanyar da hannu ya bi da wuƙa ita ce hanyar da idon mai kallo zai bi.

Mai son launi da yawa yana iya yi da allo guda: ya buga launi mai haske a dukan takardun, ya ƙara yanke allon, ya buga mai duhu a kai, haka har allon ya kusa ƙarewa. Babu komawa baya. In an gama sai a rubuta lamba da fensir a ƙasan kowace takarda, misali 3/10, wato ta uku cikin goma. Onobrakpeya, wanda aka haifa a 1932, shi ne babban sunan wannan fage a Najeriya. A 1967 ruwan asid ya cinye masa farantin ƙarfe fiye da kima, ya cike ramukan da gam, da ya buga sai zanen ya fito da tudu da kwari, daga nan ya samo salon da ya shahara da shi. Tun 1998 yake tara masu zane a garinsu Agbarha-Otor na jihar Delta, taron da ya sa wa sunan hunturu.

Masu fenti nasu ya bambanta. A Samaru har yanzu ana ambaton Gani Odutokun, haifaffen Ghana a 1946, wanda ya koyar a sashen har ya rasu a hatsarin mota a 1995. An san shi da tsinka fentin mai ya zama ruwa-ruwa, ya zuba a kan kyanbas ya bar shi ya kwarara. Na ga wata ɗaliba na gwada irin wannan, ta kwantar da kyanbas a ƙasa, tana ɗaga gefe ɗaya fentin na gangarawa. A nan motsin na gaske ne, nauyin fentin ne ke jan sa, aikin mai zane shi ne ya san lokacin da zai kwantar da kyanbas ya ce ya isa.

Wannan ɗalibar ba ta zana abu mai rai. Ta ce a gidansu an yi mata tarbiyya a kan maganar malamai game da surar mai rai, kuma ta riƙe. Wannan bai rage mata komai ba. Aikinta duka iska ce da ruwa: gamba na kwantawa gefe guda, guguwa na naɗe ƙura a fili, zoben da ke buɗewa a dam in kifi ya taɓo sama. Ta tuna min cewa zanen igiyar ruwa na Hokusai ɗan Japan, wanda duniya ta sani, bugun katako ne na wajen 1831, kuma ruwan shi ne jigon hoton. Cikin duk abin da na gani a tafiyar, gambarta ce ta fi burge ni.

Na dawo da damuwa guda. Da yawa cikin ɗaliban da suka fito daga gidajen Hausawa sun ce sai da suka sha fama kafin iyaye su yarda, domin ana ganin zane wasan yara ne. Kayan aiki kuma sun yi tsada a kasuwa, shi ya sa wasu ke sassaƙa ragowar falankin kafinta a maimakon lino. Amma abin da na gani karatu ne mai wuya, na sanin jikin dabba da halin iska da haƙurin kallo. Iyaye, in yaro ya nuna hannu, a bar shi ya karanta. Masu hali kuma, in kun ji ɗaliban zane na baje ayyukansu a Samaru, ku je ku gani, ku sayi ko da takarda guda, domin da kuɗinta za su sayi tawadar aiki na gaba.