Wanda Ya Riga Kowa Amma Bai Ci Ba

Kowane watan Maris, ɗaliban jami'o'in Amurka suna haɗuwa kwana biyu a wani rufaffen ɗakin wasa domin gasar guje-guje da tsalle-tsalle ta ƙasa, wadda ƙungiyar NCAA ke shiryawa. Maza suka fara yin ta a 1965 a birnin Ditiroyit, mata suka shigo a 1983. Na daɗe ina bin ta, galibi cikin tsakar dare saboda bambancin lokaci, kuma abin da ya fi riƙe ni shi ne tseren ƙarshe na mita 200, domin a nan ne mutum ke iya riga kowa isa layi, a ƙarshe kuma a ba wani kambun.

Filin cikin ɗaki zagayensa mita 200 ne, rabin na waje, kuma layukansa shida ne kawai. Kwanarsa matsattsiya ce, har sai da aka ɗaga gefen waje kamar bakin kwano don kada gudu ya wurgar da mutum. Duk da haka, wanda aka ba layin ciki ya shiga uku, domin dole ya rage taku a kwana. Wannan rashin daidaito ne ya sa gasar duniya ta cikin ɗaki ta daina tseren mita 200 bayan 2004. NCAA ba ta daina ba. Sai ta raba mutum takwas na zagayen ƙarshe gida biyu, huɗu huɗu, a layukan waje. Rukuni na farko ya yi gudunsa ya gama, na biyu ya biyo, sannan a jera lokutan duka takwas ɗin. Mafi ƙanƙantar lamba ita ce zakara.

Ku dubi wanda ya zo na ɗaya a rukunin farko. Ba ya ɗaga hannu. Yana dafe da gwiwa yana haki, idonsa a kan allo, yana jiran mutum huɗun da bai taɓa jin takunsu a bayansa ba. Mu da muka taso muna kallon dambe mun saba abokin karawarka yana gabanka, ka ga idonsa, ya ga naka. Shi wannan kuwa da agogo ya kara. Da abokin hamayyar yana gefensa, wataƙila da ya ƙara ɗan wani abu a mita goma na ƙarshe, amma ba wanda zai taɓa sani.

Sana'ata rubuta manhaja ce, kuma jera lambobi daga ƙarama zuwa babba yana cikin abubuwan farko da ake koya mana. Don haka wannan tsari bai dame ni ba. Akwai rashin tausayi a cikinsa, amma fili ɗaya ne, rana ɗaya, agogo ɗaya. Inda raina bai kwanta ba shi ne hanyar shiga gasar tun farko.

Babu tseren share fage na yanki-yanki. A kowane fanni mutum 16 ake ɗauka, waɗanda suka fi kowa kyawun sakamako a kakar. To amma wani a shimfiɗaɗɗen fili ya yi nasa gudun, wani a mai ɗagaggen gefe. Wani a gari mai tudu inda iska ba ta da kauri, abin da ke taimakon mai gajeren tsere ya kuma wahalar da mai dogon zango. Don a daidaita su, sai a saka kowane lokaci cikin wani lissafi, a rage wa wannan, a ƙara wa wancan. Lambar da ke kan jerin sau da yawa ba wadda agogo ya nuna ba ce. Duk wanda ya taɓa rubuta irin wannan lissafi ya san cewa wasu mutane ne suka zauna suka zaɓi adadin da za a ninka da shi. Matsakaici ne da aka ciro daga sakamakon mutane masu yawa, alhali tsayin ƙafa da yadda jiki ke shan kwana sun bambanta daga mutum zuwa mutum. Tsakanin na 16 da na 17 kuwa tazarar kan iya zama kashi ɗaya cikin ɗari na sakan. Ɗaya ya hau jirgi, ɗaya ya zauna a ɗakin kwanan ɗalibai, kuma ɗalibi shekaru huɗu kacal yake da su na shiga gasar. Ban ce a soke lissafin ba, rashinsa ya fi muni. Kawai dai ba na son yadda ake kallon jerin kamar hukunci ne daga sama.

A 2023 an yi gasar a Albukarki, garin da ke kan tudu kimanin mita 1,600. Julien Alfred, 'yar ƙaramin tsibirin Sen Lusiya mai karatu a Jami'ar Tekzas, ta yi mita 60 cikin sakan 6.94, tazarar 0.02 kacal daga bajintar duniya. Ta kuma ci mita 200 da 22.01, Favour Ofili 'yar Najeriya ta zo ta biyu. A ranar gasa ba a taɓa lokacin kowa, tunda iska ɗaya duk suka shaƙa. Da a tsakiyar kaka ta yi wannan gudun a wannan filin, da lambar da za ta hau jerin ta ɗan bambanta. Masu cewa tudu ne ya taimake ta sun samu amsa a 2024, lokacin da ta ci zinaren mita 100 a gasar Olamfik ta Paris.

A wannan gari dai aka so yin gasar 2020. An gama lissafi, an fitar da sunayen 16 na kowane fanni, ɗalibai sun iso har sun fara gwada filin. Ranar 12 ga Maris, ana gobe za a fara, aka soke komai saboda annobar korona, kowa ya tattara takalmansa ya nufi filin jirgi.