Ko Ba Ku Da Mota, Tana Cikin Tukunyarki

A wannan watan ina so mu tattauna kan mota, wadda da yawanmu muke ɗauka zancen maza ne kawai.

Ki dubi cefanenki na yau. Tumatirin nan sai da aka ɗoro shi a akori-kura daga gonakin Kadawa zuwa kasuwar 'Yan Kaba a Kano. Gero da dawa a mota suka isa Dawanau, albasa ma takan taso tun daga Aliero a jihar Kebbi. Kowane kwano kika auna, akwai kuɗin mota a cikinsa. Shi ya sa da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, ba masu mota kaɗai suka ji a jikinsu ba. A ajin matan aure da nake koyarwa a Islamiyya, na ga ɗalibai masu ƙwazo sun fara fashi, don kuɗin A Daidaita Sahu ya gagare su.

Sannan ki duba bakunan da ke ci a jikin mota: direba, yaron mota, makanike, mai faci, ɗan kamasho, har da baiwar Allah mai tuwo a bakin tasha. Iyayenmu suna ba da labarin yadda kamfanin Peugeot na Kaduna, wanda ya fara haɗa motoci a 1975, ya riƙe gidaje masu yawa. Don haka mota ni'ima ce babba.

Amma 'yar uwa, inda gizo ke saƙar shi ne gasa. Sau da yawa mace kan tasa maigida a gaba da mita don kawai mijin ƙawarta ya sayi mota, har ya ci bashi ya sayo 'yar Kwatano. Ba a sayen ake wahala ba, a riƙon ne. Mota kishiya ce da ba ta girki amma kullum sai an ba ta kuɗin cefane: yau mai, gobe baƙin mai, jibi taya, gata takardu. Idan samun bai kai ba, daga kuɗin makarantar yaranki da abincinsu za a yanko. Kafin ki ce a saya, ku zauna ku yi lissafin abin da za ta ci a wata.

In kuwa Allah ya hore muku ita, ki sani amana ce. Maƙwabciyar da naƙuda ta kama cikin dare tana da haƙƙi a kanta, kada ki zama mai hana maigida tashi. Kada ki bari a miƙa makulli ga yaron da bai mallaki hankalinsa ba don ya je wasan mota wurin biki. Iyaye nawa ne suka yi kukan da ba ya ƙarewa ta wannan hanya? Ki koya wa yara addu'ar hawa abin hawa, ki riƙa tuna wa maigida ya rage gudu.

Allah ya ba mu abin hawa mai albarka, ya kare mu daga sharrin ƙarfe, amin.