Yaran da Ke Riƙe da Taswirar Mina

Wanda bai taɓa kwana a Mina ba zai yi mamakin jin cewa magidanci mai cikakken hankali yana ɓacewa da rana tsaka. Kwari ne tsakanin duwatsu a gabas da Makka, an shimfiɗe shi da fararen tantuna fiye da 100,000. Tun bayan gobarar 1997 aka mayar da su na dindindin, da yadin da wuta ba ta saurin ci, kuma duk iri ɗaya aka yi su. Ko'ina ka waiga fari ne, ko'ina ka bi mutane ne. A hajjin 2023, wanda Allah Ya nufe ni da zuwa tare da maniyyatan ƙaramar hukumarmu ta Bukkuyum, alhazai sun haura miliyan 1.8, kuma shi ne cikakken hajji na farko bayan takunkumin korona. Ga zafi irin wanda mu mutanen Adabka, da muke tinƙaho da bazararmu, muka sallama masa.

Abin da ya fi ɓatar da mutane shi ne dawowa daga jifa. An tsara gadar Jamra ta yadda hanyar shiga daban, ta fita daban, kuma askarawa ba sa barin kowa ya juyo ta inda ya zo. Tsari ne na ceton rai, domin duk wanda ya tuna turmutsitsin 2015, inda 'yan Najeriya fiye da 200 suka rasu a mahaɗar tituna biyu, ya san abin da karon ayari da ayari ke haifarwa. Amma fa tsoho ɗan ƙauye da ya haddace hanyarsa da alamar wata gada ko wani famfo, da ya fito ta ɗaya gefen, shi ke nan, duniya ta juye masa.

Haka ta faru da wani dattijo ɗan tantinmu a rana ta biyu ta jifa. Muka dawo babu shi. Aka yi Magariba shiru, aka yi Isha shiru, har mun fara rarraba kanmu za mu fita cigiya, sai ga shi tsakanin samari biyu masu kaki da ɗan gyale a wuya, ɗaya ya riƙe masa hannu, ɗaya ya rataya jakarsa. Da ya huce ya ba mu labari. Ya ce yana zaune gefen titi, ƙafa ta ƙi, sai ɗayansu ya durƙusa ya duba awarwaron da ke hannunsa, ya karanta lamba, ya duba wata takarda da wayarsa, ya ba shi ruwa, suka ɗago shi. A bakin tanti ya zaro riyal ashirin daga guzurinsa ya ce, "Ɗana, ungo ka sha ruwa." Yaron ya mayar masa da kuɗin cikin aljihu, ya sumbaci goshinsa yadda suke yi wa manyansu, suka juya da sauri. Ko suna ba mu samu ba.

Ni malamin firamare ne, kuma na daɗe ina jan yaran sikawut a makarantarmu, don haka gyalen nan bai ɓoye mini ba. Da gari ya waye na fita neman masaukinsu. Ban sha wuya ba, domin kusan duk babbar mahaɗa akwai rumfarsu. Allah Ya taimake ni da wani saurayi a cikinsu da ya ji ina kokawa da Larabcin allo, ya yi dariya ya ce, "Baba, yi Hausa kawai." Haifaffen Makka ne, ɗan unguwar Shara Mansur, kakanninsa daga ƙasar Hausa suka taho a ƙasa ta Sudan, suka yi hajji suka zauna. Hausarsa ta ɗan karkace, amma ta ishe mu. Shi ya yi mini tafinta, ya kuma nemo mini izinin zama a gefe.

Ƙungiyar Sikawut ta Saudiyya an kafa ta a 1961, ta shiga ta duniya a 1963, kuma duk shekara tana kawo dubban matasa daga makarantu da jami'o'i da kwalejojin sana'a su yi wa alhazai hidima a Makka, Mina, Arfa da Madina. Wasu suna tura keken tsofaffi, wasu suna taya ma'aikatan asibiti, wasu suna wurin da ake tara yaran da suka rabu da iyayensu, wasu suna wajen hadaya. Amma aikin da aka fi saninsu da shi shi ne mayar da ɓatacce masaukinsa. Taswirar da suke aiki da ita kuwa ba daga wani ofis aka miƙo musu ita a kammale ba. Kafin alhazai su iso, yaran ne da kansu ke taka kwarin da ƙafa, titi bayan titi, suna rubuta wace ƙasa aka sauke a ina, wace lamba ke kan wace ƙofa, ina asibiti, ina tashar jirgin ƙasa. Shi ya sa idan yaro ya ce maka "bi nan", ba cinta yake yi ba. Ya taɓa bi.

To, ba yaran ne suka fi tsaya mini a rai ba. Shugabansu ne.

Na daɗe a zaune ban gane ko wane ne shi ba. Ina neman mai usur a baki da igiyoyi a kafaɗa, mai tsayawa a gaba yana ba da oda, ashe wani mutum ne mai furfura kaɗan a gemu da ke zaune can baya kan kwalin ruwa, da littafi a cinyarsa. Malamin sakandare ne a garinsu, hutunsa ya bayar. Duk alhajin da ya zo, yara ke tarbarsa, su duba lambarsa, su yanke shawarar wa zai raka shi. Shi nasa kawai ya rubuta sunan waɗanda suka fita da lokacin fitarsu. Ba ya barin yaro ya tafi shi kaɗai, sai biyu biyu. Idan suka dawo ya dubi agogo, ya dubi fuskokinsu, ya ce wane ya zauna ya sha ruwa, ko da yaron ya rantse bai gaji ba. Na ga ya sa wani ya cire takalmi, ya duba tafin ƙafarsa da hannunsa, ya manna masa filasta. Da aka kawo abinci sai da kowa ya ɗauka sannan ya miƙa hannu.

Akwai lokacin da wani ƙaramin cikinsu ya fara kwatanta wa wata baiwar Allah 'yar Indunusiya hanyar da ba ita ba. Malamin ya ji, amma bai ɗaga murya ba. Ya yafito babban rukunin da ido, wannan ya matsa ya gyara kwatancen kamar taya shi yake yi, aka raka matar. Sai bayan ta tafi ya kira yaron gefe, suka sunkuya kan taswira su biyu, ya bar shi ya gano kurensa da yatsarsa. Yaron ya koma bakin aiki kansa a ɗage. Na tambaye shi ta bakin tafintana me ya hana shi gyarawa da kansa tun farko. Amsarsa gajeriya ce: in ya tsoma baki a gaban baƙuwa, gobe yaron ba zai ƙara buɗe baki ba sai ya waiwayo shi, shi kuwa ba zai iya tsayawa a kowace mahaɗa ba.

Wannan ba baƙon abu ba ne a tsarin sikawut, shi ne ma ƙashin bayansa. Lokacin da Baden-Powell, wanda ya kafa sikawut, ya yi zangon gwaji a tsibirin Brownsea na Ingila a 1907, yara 20 ya ɗauka, ya kasa su gida huɗu, kowane gida ya ɗora masa yaro daga cikinsu. Ba na cikin masu yi wa mutumin kirari. Sojan mulkin mallaka ne, yana cikin rundunar da ta je ta kama Sarki Prempeh na Asante a 1896. Amma gaskiya ko daga bakin wa ta fito gaskiya ce, kuma dabarar nan tasa ta ba yaro amanar 'yan'uwansa ta zaga duniya, ta iso Najeriya a 1915. Mu ma ba mu rasa irinta ba. Kakanninmu suna da Sarkin Samari, kuma idan aka kira gayya, samari ne ke tsara kansu, su raba kuyya, su san wa ya makara, dattijo yana gindin itace ba ya cewa uffan sai an kauce.

Ina muka baro wannan? Mu faɗa wa kanmu gaskiya, mu shugabannin yara a Anka, Gummi da Bukkuyum. Yawancin abin da muke koya musu fareti ne. Mu yi makonni muna hagu dama saboda 27 ga Mayu ko 1 ga Oktoba, ranar ta zo mu jera su a rana tun hantsi suna jiran babban baƙon da ba zai iso ba sai bayan Azahar. In an tashi su kwashe kujeru. Yaro ya yi shekaru da gyale a wuya bai iya ɗaure rauni ba, bai iya haɗa ruwan gishiri da sukari ba, bai san gidan ungozoma ba. Mu kuma muna gaba da sanda a hammata, a ɗauke mu hoto. Ban raina fareti ba, yana koyar da jin magana da haɗa ƙafa, amma ba a ƙoshi da ƙamshin miya.

Kuma ba wai ba mu da abin koyi a gida ba. 'Yan agajin Jama'atu Nasril Islam da na Izala da na Fityanul Islam su ne ke riƙe filin Idi da wuraren tafsiri, su ne ke ɗaukar jakar tsofaffi a sansanin alhazai, akasari ba tare da ko sisi ba. Zuciyar hidima tana nan. Abin da ya rage shi ne horo na gaske, da shugaban da zai yarda ya koma baya.

Wani zai ce Saudiyya ƙasar kuɗi ce. Haka ne, kuma ba a ɓoye yake ba: a 2011 Sarki Abdallah da Sarkin Suwidin suka ƙaddamar da shirin Manzannin Zaman Lafiya na sikawut ɗin duniya, da dukiya mai yawa a bayansa. Amma abin da na gani a rumfar nan, littafi ne da biro da kwalin ruwa da mutum mai haƙuri. Kuma buƙatarmu ta fi tasu tsanani, domin nasu taron na kwanaki ne, namu kuwa ya ƙi ƙarewa. Duk sanda aka tashi wani ƙauye, mata da yara ke kwararowa cikin gari da dare, ba su san inda za su dosa ba, uwa ta rabu da ɗanta a hanya. A 2010 gubar dalma ta kashe yara kusan 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma, saboda ana niƙa dutsen zinariya a tsakar gida, kuma har yau akwai gidajen da ke buƙatar mai tuna musu. A daminar 2024 ambaliya ta ci gidaje masu yawa a Gummi, sannan kwalekwale ya kife da manoma a kan hanyar gona. Yara nawa muka koya wa iyo da ceton wanda ruwa ya ci? Nawa ne suka san yadda ake kwantar da wanda aka tsamo?

Sai dai akwai iyaka, kuma a nan nake son a saurare ni da kyau. Ɗan sikawut ba ɗan sa-kai ba ne. Kada wani shugaba ya kuskura ya aiki yaro leƙen asiri a daji, ko ya tsayar da shi gadin dare, ko ya bari a riƙa masa makami don yana da kaki. Tsaro aikin hukuma ne da manyan da aka ɗora wa shi. A Mina ma yaran ba sa taɓa aikin askar, kuma malaminsu ya fi damuwa da dawowarsu lafiya fiye da yawan mutanen da suka raka. Iyaye amana suka ba mu. Haka nan taswirar da za mu sa su zana, ta rijiyoyi ce da asibiti da masallatai da makarantun da ake sauke baƙi da wuraren da ruwa ke yankewa, ba ta gidajen masu hali ko mazaunin jami'an tsaro ba, kuma a hannun mai unguwa za ta kwana.

Da jirginmu ya sauke mu a Sakkwato na dawo gida, abin da na fara yi shi ne kasa yarana gida gida, shida zuwa takwas, na bar su suka zaɓi manyansu. Ba wanda zan zaɓa suka zaɓa ba a wasu gidajen, na kama bakina. Muka roƙi wani ma'aikacin lafiya ya riƙa ba mu yammacin Asabar. Yanzu ranar kasuwa, in yaro ya ɓace wa uwarsa, mutane sun san inda za a tambaya.

Don haka ina kira ga 'yan'uwana malamai da kwamandojin agaji daga Adabka har Gummi da Anka: kafin ruwan bana ya sauka, kowa ya ware wata ɗaya ya ajiye usur, ya fitar da yaransa su taka garinsu unguwa unguwa su zana shi da hannunsu, shi yana biye da su a baya. Kuɗin kwali da fensir bai kai na ɗinkin kaki ɗaya ba.