Porbuwe: garin bakin teku inda Adarawa ke cin rani

In an gama girbin hatsi, samari da yawa daga Tebaram da sauran garuruwan Adar sukan kama hanyar Abijan, a ƙasar Kwaddibuwa. Wasunsu a Porbuwe suke sauka.

Porbuwe gari ne a kudancin Abijan. Siririyar ƙasa ce ta rairayi. Kudu teku, arewa babban tabki. Mutumin Adar ya saba da yashi, amma bai saba ganin ruwa na cin ƙasa ba. A can igiyar teku takan rushe gidajen da ke bakin gaɓa.

Tun asali masunta ne ke zaune a wurin. Sunan garin kuwa na wani sojan ruwan Faransa ne, Buwe. A 1950 aka gama haƙa mashigin ruwa na Biridi, wanda ya haɗa teku da tabkin. Daga nan manyan jirage suka samu shiga, aka buɗe tashar Abijan a 1951. Yau babban filin jirgin sama na ƙasar da matatar man fetur duk a Porbuwe suke. A ƙidayar 2021 mutanen garin sun haura dubu 600.

Makiyaya sun fi sanin wurin saboda mahauta. Shekara da shekaru nan aka riƙa sauke shanu da tumakin da suka fito daga Mali da Burkina da Nijar, balle in layya ta gabato. A 2024 hukuma ta tashi kasuwar dabbobin daga nan, har aka yi rigima da dillalai.

Akwai wani abinci da talakan Abijan ke ji da shi: acake na rogo da soyayyen kifin teku da tonka. Sunansa "garba". An ce ƴan Nijar ne suka fara sayar da shi, shi ya sa ya ci sunan Bahaushe.

Wahalar baƙo ita ce wurin kwana. Haya na da tsada, sai mutane su kafa ɗakin katako a filin da ba su da takardarsa. A farkon 2020 wani yaro ya ɓuya a ƙafar jirgin sama, aka tsinci gawarsa a Faransa. Bayan haka hukuma ta rushe gidajen da ke jikin katangar filin jirgi, a unguwar Ajufu. Mutane da yawa suka kwana waje da kayansu, cikinsu har da baƙi ƴan cin rani.